Baiti Ɗaya Don Kawu

Kawu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, ana tsuga ruwa a Fatakwal. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Ina Enugu aka bugo mini waya. Kafin in iso unguwarsu ta Mile One har an kai shi makwancinsa an dawo, zaman makoki na tarar.

Gidan ya cika maƙil. Mahauta sun bar teburansu sun zo, 'yan albasa sun zo, faston cocin mutanen Kudancin Kaduna ya zo da jama'arsa ya zauna a kan benci ɗaya da liman. Mai gidan hayar, tsohuwa Inyamura mai ƙaton jiki, tana kuka wiwi tana cewa da buroka, wato Turancin kasuwa, "Teacher don go." A wajen maza kuwa ina jiyo dattawa ta taga. Wannan ya ce giwa ta faɗi, wancan ya ce an sare babbar inuwa. Wani da muka yi aji ɗaya da shi, wanda yanzu ke sayar da kayan gyaran mota a Onitsha, ya turo wa tsofaffin ɗaliban Kawu saƙo a waya da Turanci, wai bishiyar iroko ta faɗi. Kowa ya bi shi da hoton fuska mai hawaye.

Ni kuma na shiga ɗaki na durƙusa gaban matarsa, wadda duk muke kira Iya. Na yi mata gaisuwa yadda ake yi, ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Da na tsaya nan da na tsira. Amma bakina ba ya jin kwaɓa tun ina ƙarama, sai na ƙara da cewa, "Iya, babban bango ya faɗi."

Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu. Ta ce, "Ke ma?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Wallahi na gwammace a ce mari ta kwaɗa mini. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, don na san abin da take nufi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana yara faɗin abin da ba su taɓa gani ba, ga shi yau an taru ana yi masa bankwana da giwa da iroko, har da ni 'yar 'yar'uwarsa da nawa bangon.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Iya ta sa aka kira mata mu da muka yi karatu a wajensa, waɗanda muka samu zuwa. Muka jeru a ƙofar ɗaki, manya da mu, wasu da furfura. Ta ce, "Shekara da shekaru yana tara ku kuna rubuta waƙa. Kun yi wa kifi waƙa, kun yi wa ruwan sama, har kwandastan bas kun yi wa. Shi ba wanda zai yi masa ko baiti ɗaya?"

Sai kowa ya juyo yana kallona, wai don ni ce ta gida, kuma ni ce malamar makaranta. Ba wanda ya tuna cewa Turanci nake koyarwa. Na ce, "Zan yi, Iya." Ta ce, "In na fita takaba Zariya zan koma wajen ɗana, ba zan ƙara zaman garin nan ba. Ki kawo mini kafin in tafi. Ba dogo nake so ba, ina so in ji shi a ciki."

Kawu ƙanen Innata ne. Ma'aikacin ofis ne a tashar jiragen ruwa, ba malamin makaranta ba, ba kuma wanda ya ɗora masa wannan aiki. Abin da ya jawo shi, wata rana ya same ni a ƙofar gida ina shan mangwaro, ya ce yaya mangwaron. Na ce, "E sweet die." Ya ce, "Da Hausa." Na ce, "Yana da daɗi." Ya ce, "Daɗi kamar me?" Na tsaya da ƙwallo a hannu ina zare ido. Ya girgiza kai ya wuce. Asabar ɗin da ta biyo baya ya ari ɗaki ɗaya a makarantar Islamiyyar unguwa, ya bi gida gida yana roƙon a ba shi yara. Mu 'ya'yan da aka haifa a Fatakwal muna jin Hausa, muna gaisuwa da ita, ana aikenmu da ita. Amma in za mu yi faɗa ko mu ba da labari mai daɗi, sai mu koma buroka. Shi ya ce Hausarmu ta zama ta aike kawai.

Ranar farko ya ce kowa ya rubuta waƙa gajera a kan abokinsa. Ai kuwa muka zage, muka kwaso duk abin da muka taɓa ji a bakin manya da a rediyo. Fari kamar auduga, gudu kamar barewa, kyau kamar ɗawisu. Ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ya runtse ido ɗaya, wanda daga baya muka gane alama ce ta cewa an yi shirme. Ya ce, "Wa ya taɓa ganin barewa a cikinku?" Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ya gani a littafi. Kawu ya ce, "To barewar littafi ba ta gudu. Ku tashi."

Ya tasa mu a gaba har cikin kasuwar Mile One, da laimarsa a hammata. Ya ce kada wanda ya dawo sai ya samo fari nasa na kansa, da ja nasa, da gudu nasa. Muka dawo da fari kamar garin rogo, ja kamar manja a faranti, gudu kamar ɗan okada ya hango hadari. Wata ta ce ƙawarta ta bushe kamar kifin banda, ƙawar ta kai mata duka. Kawu yana ta ƙyaƙyata dariya yana buga tebur. Ya ce, "Yauwa! Wannan ya yi mata zafi, don gaskiya ne."

Daga ranar tambayarsa ba ta canja ba: "Kin taɓa gani?" In ka ce a'a, sai ya nuna maka ƙofa da laima ya ce, "Je ka gani ka dawo." Ba ya fara gaya mana sunan abu. Sai mun yi mun gama, mun yi dariya, sannan ya ciro alli daga aljihu ya rubuta a allo, ya ce wannan da kuka yi, masana kamance suke ce masa. In muka ce wane manja ne kai tsaye, ya ce wannan kuma siffantawa. Allin nan a aljihun kaftani yake zuba shi, Iya kullum cikin mita take wajen wanki, shi kuma ko a jikinsa.

Ranar da zai koya mana kambamawa, wajen mahauta ya kai mu ya ce mu yi shiru mu saurara. Muka ji wani yana rantsuwa wai san da ya yanka ya fi bas girma, wai naman ko jariri zai tauna. Kawu ya ce, "Kun ji? Ƙarya ce da mai yi da mai ji duk sun san ƙarya ce, shi ya sa ba ta da zunubi." Liman ya ji labarin wannan fatawa, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, a wane littafin ka gano?" Kawu ya ce, "A teburin mahauta, Allah ya gafarta malam." Sun daɗe suna tsokanar juna a kan haka.

Kada in mai da shi waliyyi, don shi ma ba zai yarda ba. Kawu yana da taurin kai, kuma bakinsa ba linzami, a wajensa na gado nawa. Rigimarsa da Babana ni ce sila. Baba fataucin shanu yake yi tsakanin Arewa da Fatakwal, ya fi daɗewa a hanya fiye da a gida. A ƙarshen zango Kawu kan gayyaci iyaye su zo su ji waƙoƙinmu, kuma aka yi dace Baba yana gari. Na tashi da rawar kai na karanta tawa:

Babana wutar lantarki ne,
In ya zo gida sai ihu,
Kafin mu goge kaya ya tafi,
Mu koma zama a cikin duhu.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya tashi ya kaɗe babbar rigarsa ya fita. Da la'asar ya je gidan Kawu, ya ƙi zama, ya ce, "Malam, kai ka koya wa yarinya ta ci mini mutunci a bainar jama'a?" Kawu ya ce, "Alhaji, ka sake sauraro. Wa ka taɓa ji ya yi ihu don zuwan abin da ba ya so?" Baba ya ce, "Hausa muka ce ka koya musu, gaisuwa da ladabi, ba fitsara ba." Nan fa Kawu ya ce ai wasu kunnuwansu na ado ne. Haba, surukinka, mijin yayarka! Baba ya cire ni daga ajin, wasu iyayen ma suka bi sahu suka cire nasu. Inna ta rasa inda za ta sa kanta tsakanin miji da ƙane. Ta roƙi Kawu ya je ya ba da haƙuri, ya ce shi bai ga laifin waƙar ba, ba inda zai je.

Haka aka zauna ba sa ga maciji har Baba ya sake tafiya. Ranar da ya dawo muna tsakar gida, sai muka ji sallama, muka kuma ji ƙatuwar muryarsa daga soro yana cewa, "An kawo wuta!" Muka ruga muka rungume shi da ihu. Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Asabar da kansa ya riƙo hannuna ya mayar da ni aji. Ya ajiye wa Kawu goro a tebur. A wannan karon ya daɗe a gida fiye da yadda ya saba.

Akwai wata yarinya a ajinmu, 'yar maƙwabtanmu mutanen Kudancin Kaduna, don Kawu ba ya tambayar yaro addininsa, duk mai son Hausa ya shigo. Mahaifiyarta ta rasu, yarinyar ta daina magana. Takan zo ta zauna a baya ta ƙura wa takarda ido. Kawu bai matsa mata ba. Wata rana ya je ya tsuguna kusa da ita, ya ce, "Ke ba sai kin ce komai ba. Amma akwai kaya a gidanku da suka san Mama. Ki je ki tambayi tukunyarta me take cewa, ki rubuto mini." Mu har mun fara dariya, ya juyo ya watsa mana harara muka haɗiye. Asabar ta zagayo, yarinyar ta tashi da kanta, muryarta ƙasa ƙasa, ta karanta:

Tukunya ta ce, hannun da ke wanke ni ya canja,
Wannan sauri yake, ba ya duba bayana.

Ta fashe da kuka, mu ma muka kama. Kawu ya tafi bakin taga ya daɗe yana gyaran laimar da ba abin da ya same ta. Ranar bai rubuta komai a allo ba. Sai wani makon ya gaya mana cewa in an sa abu marar rai ya yi magana, mutuntarwa ake kiran sa. Yarinyar nan yanzu nas ce, ta zo gaisuwa, ita ce ta fi kowa daɗewa a wajen Iya.

Muka girma muka watse, wasu Onitsha, wasu Enugu, wasu Legas. Na bayanmu iyayensu suka fi son a kai su darasin shirin jarrabawa ranar Asabar, wai Hausa ba ta ba da aiki. Aji ya yi ta raguwa. Iya ta gaya mini cewa har ƙafa ta fara gagararsa bai fasa zuwa ba. Yakan share ɗakin, ya goge allo, ya zauna da yaran da suka samu zuwa, wata rana ma ba kowa, sai ya zauna har azahar ya dawo. Ban san haka ba sai a zaman makoki, kuma na ji nauyin jin sa.

Na koma Enugu da alkawari a wuyana. Na ɗauka abin wasa ne, ni da na yi wa ubana waƙa ina 'yar firamare. Na zauna bayan an tashi daga makaranta, na ɗauki biro, sai na ga Turanci ke fara zuwa mini, ina juya shi zuwa Hausa kamar mai juya waina da cokalin da ba nata ba. Na daure na haɗa baitoci masu yawa. Na sa kogin ilimi, na sa tauraro mai haske, na sa fitilar al'umma, amsa-amo ya zauna daram. Na karanta da ƙarfi yadda ya koya mana, ina ƙwanƙwasa tebur. Kafin in kai ƙarshe kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki. Waƙar nan za a iya karanta ta a makokin kowane tsoho daga nan har Sakkwato, a canja suna kawai. Na yayyaga ta.

Na buga wa na Onitsha waya na ce ya taimaka. Ya ce, "Anti, ni fa Hausata ta tsaya a ciniki." Na buga wa nas, ta ce ita in ta fara kuka ke hana ta. Lokaci yana ta tafiya. Duk sanda na kira Iya in gaishe ta, ba ta tambaya, sai dai in za mu yi sallama ta ɗan yi jim, ni kuma in yi sauri in ce a gaida mutan gida. Malama guda, mai tsayawa gaban aji tana koya wa 'ya'yan mutane adon harshe da Turanci, ta kasa yi wa kawunta layi huɗu. Ko mijina ban iya gaya wa ba.

Ranar da za ta tafi na zo Fatakwal hannu rabbana, ni da ƙaramar 'yata. A mota na shirya abin da zan ce, cewa aiki ya yi yawa, zan aiko mata. An kwana ana ruwa. Keke ya sauke mu a bakin layin su Kawu, sai na tarar da mutane cirko cirko a bakin babbar kwatar da ta raba layin da titi. Katakon da ake takawa a tsallaka, ruwa ya tafi da shi. Mata da kaya a ka suna ta sababi, wani tsoho yana neman inda zai sa sanda, 'yan makaranta sun cire takalma. Tun ina yarinya nake tsallaka kwatar nan. Na yi ƙoƙarin tuna yadda katakon yake, launinsa, faɗinsa, wanda ya aza shi, na kasa. Ban taɓa duba shi ba. Na tsaya a wurin ina kallon kwatar, har wani ya ce, "Madam, za ki wuce ko za ki ba mu hanya?" Muka zagaya ta can ƙarshen layi.

Da muka isa har an kai Iya tasha. Muka bi ta. Na same ta zaune a cikin mota ta gefen taga, ɗanta yana waje yana sa ido a kan lodin kaya, ga Inna da wasu dattawan unguwa sun zo rakiya. Na gaishe ta. Ta amsa, ta dubi hannuna, ba takarda. Ta mai da kallonta gaba.

Na ce, "Iya, na samu. Amma ina jin kunyar faɗa."

Ta ce, "Faɗi."

Na dubi dattawan nan. Yaya zan haɗa mamaci, dattijo, mai salla, da kwata a gaban mutane? Na matsa jikin tagar na ce:

Kawu katako ne a kan kwata,
Muka taka muka wuce, ba mu dubi ƙasa ba,
Sai ranar da ruwa ya tafi da shi,
Muka tsaya da kaya a ka, ba mu san hanya ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Subhanallahi! Katako? A kan kwata?" Inna ta ce, "Ke, ba ki da hankali ne?" Iya ta ɗaga musu hannu. Ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta runtse idanu, leɓɓanta suna motsi tana bi, ta ce in ƙara, na ƙara, har ta riƙe. Hawaye ya gangaro mata. Ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Allah ya yi miki albarka."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Har na fara murmushi. Direba ya tayar da mota, ɗanta ya shiga ya rufe ƙofa. Sai Iya ta miƙo hannu ta taga ta shafa kan 'yata, ta dube ni ta ce, "To yanzu su waɗannan ta ina za su tsallaka?"

Yarinyar ta ja mini mayafi, ta ɗago kai ta tambaye ni da buroka me Iya ta faɗa, ta ce, "Mummy, wetin she talk?"

Iya ta ji. Na ga ta ji. Motar ta ja, hannunta yana waje har suka fita daga tasha. Na tsaya riƙe da yarinyar a cikin taɓo, ban amsa wa Iya ba, yarinyar ma ban amsa mata ba.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, mu kuma ya yafe mana.